Tambayoyi da amsoshi kan hijirar malam-buɗe-littafin Monak, tsutsarsa da ganyen da take ci

Wai wane ne wannan Monak ɗin da ake ta zancensa?

Malam-buɗe-littafi ne na Arewacin Amurka, fukafukansa ruwan lemo da jijiyoyi baƙaƙe, gefen kuma baƙi da ɗige-ɗigen fari. Masana suna ce masa Danaus plexippus. In ya buɗe fukafukai zai kai santimita 9 zuwa 10, nauyinsa kuwa kusan rabin giram ne kacal, kuma wannan ɗan abin ne fa yake tashi daga kudancin Kanada ya ratsa Amurka gaba ɗaya ya sauka a tsakiyar Meziko. Shi ya sa ake zancen nasa.

Daga ina suke tashi, ina suka nufa?

Kashi biyu ne, duwatsun Roki ne suka raba su. Na gabas su ne masu yawan, su ne masu doguwar tafiyar, daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba za su fara gangarowa daga Ontariyo da Minesota da Mishigan da sauran jihohin arewa, duk su zo su matse ta Tekzas sannan su tsallaka Meziko, wasu sai sun ci kilomita 4,000 ko fiye kafin su isa. Inda suke sauka dazukan kan duwatsu ne a jihar Michoacán da jihar Meziko, tudu mai tsayin kusan mita 3,000, a kan wata bishiya da mutanen wurin ke kira oyamel. Wurin da sanyi amma ba irin mai daskarar da su ba, ga laima, ga rassa sun yi musu rumfa, sai su taru su lulluɓe bishiyar tun daga gindi har sama, har reshe yakan lanƙwashe don nauyinsu, kai ka ji fa, ƙwaro mai rabin giram.

Na yamma ba sa zuwa da nisa haka, gaɓar tekun Kaliforniya suke sauka, wurare irin su Pacific Grove da Pismo Beach da Santa Cruz, yawanci a kan bishiyar turare.

Isowarsu Meziko tana faɗowa ne daidai farkon Nuwamba, lokacin da mutanen can ke bikin tunawa da mamatansu ranar 1 da 2 ga wata, don haka tun da daɗewa wasu al'ummomin yankin suke ɗaukar su a matsayin rayukan magabata da suka dawo ziyara. Al'adarsu ce, haka suka gada.

Wanda ya tafi shi ne yake dawowa?

A'a, kuma nan ne abin yake ɗaure kai. Waɗanda suka yi hunturu a Meziko suna tashi ne a watan Maris, su kai arewacin Meziko da Tekzas da maƙwabtanta, su zuba ƙwai, su mutu. 'Ya'yansu su ci gaba zuwa arewa, su ma su yi ƙwai su mutu, jikoki haka, kowanne sati 2 zuwa 6 kawai yake yi a duniya bayan ya samu fukafukai. Sai zuriya ta huɗu, wani lokacin ta biyar, wadda ta fito a ƙarshen Agusta da Satumba, ita ce ta daban. Su ba sa neman aure ba sa ƙwai, jikinsu ya dakatar da wannan harkar saboda rana ta fara gajarta, dare ya fara sanyi, ganyen ma ya tsufa, sai su tara kitse kawai su kama hanyar kudu, kuma su ne suke kai wata 8 zuwa 9 da rai.

Wato wanda zai sauka a kan oyamel a Nuwamban bana tattaɓa-kunne ne na wanda ya bar wurin a Maris. Bai taɓa ganin dutsen ba, babu wanda ya raka shi.

To wa ya nuna masa hanya?

Ikon Allah, amma an gano wani ɓangare na yadda abin yake aiki. Da rana suke amfani. Matsalar ita ce rana ba ta tsaya wuri ɗaya ba, da safe tana gabas da yamma tana yamma, in ka bi ta kawai zagaye za ka yi ta yi, don haka dole sai da agogo a jiki da zai gaya maka ƙarfe nawa ne don ka san ta wane gefe za ka ajiye ranar. A 2009 ɗakin binciken Steven Reppert a Jami'ar Massachusetts ya nuna cewa wannan agogon yana cikin 'yan ƙahonnin nan biyu ne na kansu, ba a ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Da aka cire ƙahonnin, ko aka shafa musu baƙin fenti, sai ƙwarin suka rasa kudu. Daga baya an ga alamun suna jin maganaɗisun ƙasa ma ranar da hadari ya rufe rana. Kuma sanyin da suke sha a Meziko shi ne yake juya musu alƙibla, bayan 'yan makonni a cikinsa sai kudu ta koma arewa a lissafinsu.

A rana sukan yi kilomita 40 zuwa 50, in iska ta ba su baya su wuce 100. Ba sa tafiyar dare, da yamma sai su sauka a kan bishiyoyi su kwana a cunkushe, shi ya sa wurare irin su Point Pelee a Kanada da Cape May a jihar New Jersey suka yi suna wajen masu kallo.

Ta yaya aka gano inda suke zuwa?

Wannan labarin ina son sa. Wani malamin Jami'ar Toronto ne, Fred Urquhart, da matarsa Norah, tun wajen 1937 yake tambayar kansa ina ƙwarin nan suke ɓacewa in sanyi ya zo. Suka yi ta gwada 'yar takardar da za a manna a fiffike ba ta faɗi ba, suka tara dubban 'yan sa kai a Amurka da Kanada suna mannawa, duk wanda ya tsinci mai takarda sai ya aiko da wasiƙa, su kuma su sa alama a taswira. Alamomin suka yi ta nuna kudu maso yamma har Tekzas, daga nan sawu ya ɓace. Sai suka sa sanarwa a jaridun Meziko, wani Ba'amurke mai suna Ken Brugger da ke zaune can ya amsa, shi da matarsa Catalina suka yi ta yawon duwatsu har ranar 2 ga Janairun 1975 suka hau Cerro Pelón suka tarar da su miliyoyi. Urquhart da kansa ya je a 1976, kusan shekara 40 da fara nema, kuma a wannan ziyarar ya tsinci guda ɗaya ɗauke da takardar da aka manna a Minesota. Mujallar National Geographic ta buga labarin a Agustan 1976.

Amma fa a faɗi gaskiya, cewa an gano wurin magana ce ta masu bincike. Manoman ƙauyukan da ke gindin duwatsun sun san da ƙwarin tun kaka da kakanni, abin da ba su sani ba shi ne daga ina suke zuwa, su kuma na arewa ba su san ina suke tafiya ba. Kowa rabin labarin ne a hannunsa.

Yanzu da me ake bin sawunsu?

Har yanzu takardar nan tana aiki. Ƙungiyar Monarch Watch, wadda Chip Taylor ya kafa a Jami'ar Kansas a 1992, ita ke raba wasu 'yan sitika masu zagaye, faɗinsu kusan milimita 9, kowacce da lambarta. Yadda ake yi, ka kama shi da raga, ka haɗe fukafukan ka riƙe tsakanin babban yatsa da manuni, ka ɗauko sitikar da tsinken sakace don kada yatsanka ya kashe mata gam, ka ɗora a tsakiyar fiffiken baya ta waje, ka ɗan matsa na 'yan daƙiƙu, ka rubuta lambar da kwanan wata da garin da kake da ko namiji ne ko mace, sai ka buɗe hannu ya tafi. Yaran makaranta ne ma suke yin da yawa daga ciki. A can Meziko kuma mutanen ƙauyukan suna bin ƙarƙashin bishiyoyi suna duba matattun da suka zubo, duk sitikar da suka samu ana saya a hannunsu kusan dala 5. Kaɗan ne ake samu cikin dubban da aka manna, amma kaɗan ɗin nan da su aka zana hanyar.

Akwai kuma wani shiri mai suna Journey North, tun 1994, inda mutum yake shigar da ranar da ya fara ganin Monak ko ƙwansa ko tsiron ganyensa a garinsu, sai taswira ta nuna yadda ayarin yake matsawa mako bayan mako. Masu bin tsutsa su ma da nasu shirin da Karen Oberhauser ta faro a Jami'ar Minesota, su duk sati suke zuwa fili ɗaya su juya ganye suna ƙirga ƙwai. Na baya-bayan nan shi ne wata 'yar na'ura mai nauyin miligiram 60 mai aiki da hasken rana, ana manna ta a bayansa, wayoyin mutanen da ya wuce ta kusa da su suna kama siginarta, a 2025 da ita aka bi wasu ɗaiɗaiku tun daga arewa har cikin dazukan Meziko.

Tsutsar me take ci?

Abu ɗaya tak, kuma duk maganar Monak a nan ta tsaya. Ganyen wasu tsirrai ne masu farin ruwa mai kauri in ka karya su, jinsin Asclepias da 'yan uwansa na kusa, bari mu ce musu ciyawar madara, dangin tumfafiyarmu ne na jini. Babban malam-buɗe-littafin ba ruwansa, zai sha ruwan kowane fure ya samu, amma tsutsar in ba wannan ganyen ba gara ta mutu da yunwa, ko ka kawo mata latas ko kabeji ba za ta kalla ba. Uwar ma ta sani, in ta sauka a kan ganye sai ta ɗan karce shi da ƙafafunta na gaba, da ƙafa take ɗanɗano, in ya yi mata sai ta lanƙwasa ciki ta ajiye ƙwai guda ɗaya a ƙarƙashin ganyen ta ƙara gaba. A rayuwarta takan yi 300 zuwa 500, ɗaya-ɗaya haka.

Shi ya sa in kana son sanin inda Monak zai kai a wata kaza, ka duba inda ciyawar ta tsiro. Ba sa riga ta isa.

Ba guba ce a ganyen ba? Ya ba ya kashe ta?

Guba ce sosai, irin mai taɓa zuciya, dabbobin kiwo ma kauce mata suke. Tsutsar jikinta ya saba, maimakon gubar ta kashe ta sai ta adana ta, kuma tana nan a jiki har bayan ta zama mai fukafukai. Kalar nan mai ɗaukar ido sanarwa ce ga tsuntsaye. Wani masanin ƙwari, Lincoln Brower, ya gwada a shekarun 1960, ya ba wani tsuntsu da bai taɓa ganin Monak ba ya ci, ba a jima ba ya kama amai, daga ranar ko kallonsa ba ya yi. Duk wanda ya tashi a karkara ya san ba a cin farar tumfafiya duk da kyanta, to dalilin ɗaya ne.

Amma ba wai tsutsar tana cin banza ba ne. Farin ruwan nan yana da danƙo, jaririyar tsutsa da yawa a nan suke mutuwa, bakinsu ya manne. Dabarar da take yi, in ka samu ganye ka duba da kyau za ka gani, ƙaramar sai ta fara yanka ɗan da'ira a ganyen ta bar ruwan ya tsiyaye sannan ta ci na tsakiya, babbar kuma sai ta je ta ciji jijiyar ganyen ta gindi har ya langaɓe, ruwan ya daina zuwa, sannan ta zauna ta cinye abinta hankali kwance.

A Meziko akwai tsuntsaye iri biyu da wani ɓera da suka iya da gubar, suna cinsu da yawa duk hunturu.

Daga ƙwai zuwa tashi kwana nawa ne?

Kusan wata guda, ya danganta da zafi. Ƙwai kwana 3 zuwa 5, tsutsar tana fitowa abin da za ta fara ci shi ne ɓawon ƙwanta. Sai kwana 10 zuwa 14 tana ci ba ƙaƙƙautawa, tana saɓa sau biyar, jikinta da zane-zanen rawaya da baƙi da fari, nauyinta ya ninka wajen sau 2,000. In ta ƙoshi sai ta bar ganyen ta nemi wani wuri, ta saƙa ɗan zare ta maƙale da ƙafafun baya, ta rataye kai ƙasa a siffar harafin J kusan kwana guda, sai fatar ta tsage daga ƙeya wani koren kwanso ya bayyana mai ɗigon zinare a jiki. Kwana 10 zuwa 14 a haka. Ana gobe zai fito kwanson yakan yi duhu har ka hango ruwan lemon fukafukan ta ciki. Yana fitowa fukafukan a cukurkuɗe suke, cikinsa a kumbure, sai ya tura ruwan cikin zuwa jijiyoyin fiffike su miƙe, ya rataye 'yan awoyi ya bushe. In ya faɗo ƙasa a wannan lokacin shi ke nan, ba zai taɓa tashi ba.

Cikin ƙwai 100 ba sa kai 10 waɗanda suke ganin wannan ranar, tururuwa da gizo-gizo da zanzaro da wasu ƙudaje masu yin ƙwai a jikin tsutsa sun cinye sauran.

Ya ake gane namiji da mace?

Namiji yana da ɗigon baƙi guda a kan kowane fiffiken baya, jijiyoyinsa sirara. Mace babu ɗigon, jijiyoyinta sun fi kauri.

Ana cewa suna ƙarewa, wa ya ƙirga su?

Ba wanda zai iya ƙirga na Meziko ɗaya-ɗaya, don haka faɗin dajin da suka lulluɓe ake aunawa duk Disamba, hukumar gandun dajin ƙasar da ƙungiyar kare namun daji ta WWF ne suke yi. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe hekta 18.19, shi ne mafi yawa da aka taɓa aunawa. A 2013 zuwa 2014 suka faɗo hekta 0.67. A 2023 zuwa 2024 hekta 0.9, shekarar da ta biyo baya 1.79. Na Kaliforniya su ana iya ƙiyasta su da ido, ƙungiyar Xerces ke tara 'yan sa kai duk Nuwamba tun 1997, shekarar farko sun haura miliyan 1, a 2020 ba su kai 2,000 ba har aka fara yi musu ta'aziyya, sai ga shi a 2021 sun dawo kusan 250,000, a 2024 kuma suka sake faɗowa wajen 9,000.

Ka ga ke nan lissafin shekara ɗaya ba abin dogaro ba ne, ƙwaro ne, yawansa yana hawa da sauka da yanayi, wanda ya ga an ninka bana ya ce an tsira ya yi gaggawa, haka wanda ya ce sun ƙare. In ka ja layi tun daga shekarun 1990 dai ƙasa ya yi. IUCN, ƙungiyar duniya mai lissafa halittun da ke fuskantar ɓacewa, ta sa masu hijirar cikin waɗanda ke cikin haɗari a 2022, ta ɗan sassauta matakin a 2023, hukumar namun dajin Amurka kuma ta kawo shawarar ba su kariyar doka a Disamban 2024. Jinsin kansa ba zai ɓace gobe ba tunda akwai waɗanda ba sa hijira a wasu ƙasashe, tafiyar ce ake tsoron a rasa.

Me yake rage su?

Babba a ganina, kuma masana da yawa a nan suka tsaya, shi ne ciyawar ta ragu a gonakin tsakiyar Amurka. Da can tana fitowa tsakanin kunyoyin masara da waken suya, manomi ya yi ta fama da ita ba ta ƙarewa, kuma a nan mafi yawan Monak suke haihuwa. Daga 1996 aka fara shuka irin da maganin ciyawa na glyphosate ba ya kashewa, sai ya zama ana fesa gonar gaba ɗaya, amfanin ya tsaya komai ya mutu, cikin shekara goma da 'yan kai ciyawar madara ta ragu da fiye da rabi a yankin. Manomi bai yi don mugunta ba, gonarsa yake gyarawa, amma abin da ya faru ke nan.

Sai sare itatuwa a dazukan Meziko. An ware wurin, hekta kusan 56,000, UNESCO ma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, saran ɓarayin katako ya ragu sosai a tsakiyar gandun amma ga gonakin abokado suna matsowa, kuma aikin tsaron dajin ba wasa ba ne, Homero Gómez González da ke kula da sashen El Rosario gawarsa aka tsinta a Janairun 2020. Daji in ya yi sarari ruwa yana jiƙa su sanyi ya gama da su, kamar yadda guguwar Janairun 2002 ta kashe miliyoyi masu yawa a 'yan kwanaki. Ga fari a Tekzas wanda ke hana su samun furen da za su sha a hanya, ga maganin ƙwari.

Me ya sa ake nacewa sai shukar asalin wurin? Ganye ba ganye ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Da aka fara kiran mutane su shuka ciyawar madara a gidajensu, masu sayar da furanni sai suka cika kasuwa da wata mai jan fure da rawaya, Asclepias curassavica, 'yar ƙasashe masu zafi, don tana da kyau kuma ba ta da wuyar raino. Tsutsa tana cinta sosai. Matsalar ita ce ta asalin wurin tana bushewa in sanyi ya zo, ita kuwa wannan a jihohin kudu irin su Fulorida da gaɓar Tekzas kore take shekara zagaye, sai wasu Monak su fasa tafiya su zauna suna ƙwai a kanta, ga kuma wata cuta da ake taƙaita sunanta da OE, ƙwayoyinta suna zuba daga jikin manya su taru a ganyen, tsutsa ta ci, ta fito da fukafukai a naƙashe ko ta kasa fita daga kwanson. Ganyen da yake mutuwa duk shekara yana tafiya da cutar, wanda ba ya mutuwa tara ta yake. Shi ya sa ake cewa wanda ya riga ya shuka ya sare ta ƙasa-ƙasa in kaka ta yi.

Akwai ma wata mai yaɗo da aka kawo daga Turai, dangi ce ta nesa, ƙamshinta yana ruɗar uwar ta yi ƙwai a kai, tsutsar ta fito ta kasa ci ta mutu.

Don haka kowane yanki da nasa, Asclepias syriaca a arewa maso gabas da tsakiya, incarnata a wuri mai dausayi, tuberosa a busasshiyar ƙasa, viridis da asperula a Tekzas, fascicularis da speciosa a Kaliforniya. 'Yan uwa da ke zaune can masu ɗan fili a bayan gida, ku tambayi ta yankinku, kuma ku tabbatar ba a yi mata feshi ba a wurin sayarwa, don ana yi, mutum ya sayo da kuɗinsa ya kashe tsutsar da yake son taimako. A haɗa da furannin da ke buɗewa a Satumba da Oktoba saboda matafiya.

Zan iya ɗaukar tsutsar in raine ta a ɗaki?

Ɗaya ko biyu don yara su gani, ba laifi, a wanke mazubin kullum a sa sabon ganye. Amma masu tara ɗaruruwa da sunan ceto, gaskiya ba na goyon baya, cunkoso yana yaɗa OE, kuma wani bincike na Jami'ar Chicago a 2019 ya nuna waɗanda aka saya daga masu kiwo, har da na daji da aka raina a cikin ɗaki, ba sa fuskantar kudu yadda ya kamata. A Kaliforniya ma sai da izini ake taɓa su.

Muna da Monak a ƙasar Hausa?

Shi wannan na Amurka babu. Ya dai bazu zuwa Hawai da Ostireliya da Niyu Zilan tun ƙarni na 19, akwai shi a tsibiran Kanari da kudancin Sifen, kuma a Hawai abin da tsutsarsa take ci wata 'yar uwar tumfafiya ce ta kusa. Mu namu ɗan uwansa ne, Danaus chrysippus, kuma na tabbata ka sha ganinsa ba ka kula ba, ruwan lemo ne shi ma, bakin fiffiken gaba baƙi da farin layi, ya ɗan fi na Amurka ƙanƙanta, ba shi da baƙaƙen jijiyoyin nan, kuma irin na Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne. Tashinsa a hankali yake ba ya sauri, ya san ba mai cinsa. Tumfafiya yake yi wa ƙwai, da fatakka wadda majema suka sani, yaɗiya ma 'yar gidan ce. Tsutsarsa tana da 'yan gashi dogaye guda 6, ta Monak 4 gare ta, kwansonsa kuma wani kore wani ruwan hoda. Daɗaɗɗe ne a nahiyar nan, yana cikin zanen bangon kabarin Nebamun na Masar wanda ya haura shekara 3,000.

Har mai kwaikwayonsa akwai, macen wani jinsi da ake kira Hypolimnas misippus, ba ta da gubar ko kaɗan amma ta ɗauko kalarsa sak, tsuntsaye suna ƙyale ta.

To in ina son ganin tsutsar da idona fa?

Ba sai ka shuka komai ba, tumfafiya ai ita ke neman mutane, bayan gari, bakin hanya, tsohuwar gona, kangon da ba a gina ba. Ka nemi ƙanana masu sabon toho, ka riƙa juya ganyen kana duba ƙasansa, ƙwan ɗan fari ne mai tsini guda ɗaya. In ka ga ganye da ɗan rami mai zagaye ko baƙin kashi ƙanana a kan ganyen ƙasa, to tana kusa. Hattara da farin ruwan, in ya shiga ido yana iya dusashe gani na kwanaki, kada ka murza ido, ka wanke hannu da sabulu, yara kuma a sa musu ido. In ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a tafi asibiti.

Namu ma yana hijira?

Yana yawo da damina da rani, amma ba irin tafiyar Monak mai masauki ɗaya ba. Mai doguwar tafiya da ke bi ta kanmu wani ne daban, Vanessa cardui, ɗan madaidaici mai ruwan ƙasa da lemo da ɗigon fari. Shi daga Turai yake tasowa in sanyi ya kusa, ya haye Bahar Rum da Sahara ya sauka a yankin Sahel wajen Satumba zuwa Nuwamba daidai lokacin da damina ta bar ƙasa kore. Masu bincike biyu daga Basalona, Gerard Talavera da Roger Vila, sun bi shi a ƙasashe irin su Chadi da Benin da Senegal sun tarar yana haihuwa da yawan gaske, in rani ya yi kuma zuriyar ta ƙara kudu wajen Kamaru da Ghana, sannan wata ta juya arewa a farkon shekara. Zagayen gaba ɗaya yana kai kilomita 12,000 zuwa 14,000, ya fi na Monak, shi ma ba ƙwaro ɗaya ke gama shi ba. A Oktoban 2013 Talavera ya tarar da wasu a bakin teku a Gayana ta Faransa, can Kudancin Amurka, fukafukai duk sun yage, binciken da ya fito a 2024 ya nuna daga Afirka ta Yamma iska ta kwaso su suka haye Atilantika, fiye da kilomita 4,200.

Bambancinsu da Monak, tsutsar wannan ba ta da zaɓen abinci, tsirrai iri-iri take ci.

Ni da ba masani ba, hoton da na ɗauka zai yi wani amfani?

Zai yi, don bayanan da ake da su daga Kano ko Maraɗi ko Garwa ba su kai ko kusa da na Kansas ba, masu ɗauka ne babu. Akwai manhajar iNaturalist, kyauta ce, ka ɗora hoton da wurin da ranar, masu sani su tabbatar da sunan, masu bincike suna ɗiba daga nan. Ka ɗauki fiffiken ta sama da ta ƙasa in ya yarda, da sassafe ya fi sauƙi kafin jikinsa ya yi ɗumi. In tsutsa ce ka haɗa da hoton ganyen da ka same ta a kai, da furensa in akwai, ka kuma kunna wurin da kake a wayar kafin ka ɗauka don hoton ya tafi da shi.